A Mayar Mana da Lambar Shafi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu gina manhajoji da shafukan intanet, daga Birnin Kebbi har Kano, wai raba dogon jeri zuwa shafi na 1, na 2, na 3 tsohon yayi ne. A ganinsu zamani ya wuce nan. Mutum ya ɗora yatsa a fuskar waya ya yi ta ja, sakamako na ta ɓullowa daga ƙasa ba sai ya danna komai ba, yadda Facebook da TikTok suka sabar mana. Wasu kuma, musamman a ofisoshi, sun bi hanya mafi sauƙi: a zuba sunaye dubbai a shafi guda, a ce ga shi nan a fili, ba a ɓoye wa kowa komai ba.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ina girmama ta. 'Yan lambobin nan da ake jerawa a ƙasan shafi sukan yi ƙanana, babban yatsa ya nufi 4 ya faɗa kan 5. Kowace dannawa kuma jira ce. Wanda ya zo kallon hotuna ko sauraren wa'azi don ya huta, ba abin da lambar shafi za ta ƙara masa. A irin wannan wuri ba ni da ja da su.

Inda muka rabu shi ne jerin da mutum ke shiga don neman abu guda takamaimai, galibi sunansa. Irin wannan jeri shi ya fi shafar mutanenmu na Zagga da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo: jerin manoman da za a ba taki ko iri, jerin waɗanda aka tantance don ɗaukar aiki, jerin maniyyata, rajistar masu zaɓe. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, manomin shinkafa na bakin kogin Neja ya san cewa abubuwa da yawa na rayuwarsa sun rataya ga tambaya guda, sunana ya fito ko bai fito ba. Mai wannan tambaya bai zo yawon buɗe ido ba. Yana so ya san inda yake a cikin jerin, nawa ya wuce, nawa ya rage, kuma in abu ya katse, daga ina zai ɗora.

A duba yadda abin ke faruwa a rumfar mai cajin waya. Dattijo ya zo da katinsa a aljihu, ya miƙa wa wani matashi da ke da babbar waya. Ba shi kaɗai ba ne, akwai mutum biyar ko shida a kan benci, kowa na jiran a duba masa. Matashin ya buɗe jerin ya fara ja. Ya wuce masu harafin A, ya shiga B, yana gab da inda yake tsammani sai sabis ya ɗauke, ɗan da'irar nan ta tsaya tana juyawa. Ya sake loda shafin, sai ga shi a kan sunan farko.

“Yaya dai, ɗana, ka gani?”

“Baba, a ƙara haƙuri, ya maido ni farko.”

Duk abin da ya sauke ya tafi a banza, kuma kuɗi ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, data kuwa tana ciki. Wanda ke zaune a ofis mai intanet mai ƙarfi, da babbar kwamfuta a gabansa, ba zai ji wannan a jikinsa ba, shi ya sa yake ganin ja ba iyaka ya fi daɗi. A yankin da in ka nufi Tsamiya ko Lolo waya kan saki layin Najeriya ta kama na Jamhuriyar Benin, katsewar sabis abu ne da mai gini ya kamata ya sa a lissafi tun daga tushe. Da jerin nan a rabe yake, hamsin-hamsin a kowane shafi, da matashin ya san a shafi na 14 ya tsaya, sabis na dawowa ya koma can kai tsaye. Abin da zai sake saukewa sunaye hamsin ne kawai.

Akwai kuma nauyin da ake ɗora wa wayar kanta. Shafin da ke ta ƙara sakamako a ƙasa yana tara komai a ƙwaƙwalwar waya. Ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a ba su jure wannan. In layuka suka taru da yawa sai waya ta fara zafi, ta yi nauyi, wani lokaci burauzar ta rufe kanta.

Wanda ya yi karatun allo ya san amfanin rabo. An kasa Alƙur'ani mai girma izu sittin, aka sake kasa kowane izu, har ɗalibi na iya gaya wa malaminsa daidai inda ya tsaya jiya, malam kuma ya ɗora masa daga nan. Lambar shafi aikin da take yi ke nan, tana ba wuri suna ta yadda mutum biyu za su iya magana a kansa. Ɗan'uwa a Sakkwato zai iya kiran gida ya ce sunan Inna yana shafi na 22, layi na uku daga sama. In an gina abin da kyau, lambar tana cikin adireshin shafin, sai ya tura ta WhatsApp, a danna a faɗa wurin. A jeri marar iyaka me zai ce? Ku yi ta ja, za ku gani?

Za a ce mini ai akwai akwatin bincike, mutum ya rubuta sunansa kawai. Akwatin bincike wajibi ne, amma a ƙasarmu bai isa shi kaɗai ba. Rubuta Abubakar Muhammad a jerin jihar Kebbi ka ga abin da zai fito. Sannan sunan mutum guda yakan zo da fuska uku, Muhammad a katin zaɓe, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar makaranta. Ga al'adarmu ta ɗaukar sunan gari a matsayin sunan ƙarshe, Zagga, Kaoje, Illo, wadda ke sa mutane da yawa su yi tarayya a suna sak. Saboda haka sakamakon binciken ma dogon jeri ne, shi ma sai an raba shi.

Batun gaskiya da riƙon amana kuwa, a nan ne na fi ganin masu zuba komai wuri guda sun yi kuskure da kyakkyawar niyya. Jerin da ba a san ƙarshensa ba, ba mai iya bin diddiginsa. Amma in aka rubuta a sama cewa sunaye kaza ne, a shafi kaza, kowa na iya riƙe adadin, gobe in ya canja a tambayi dalili. A Nuwamba 2022 hukumar zaɓe ta INEC ta baje rajistar masu zaɓe a intanet don jama'a su duba su kawo ƙorafi. Sunaye sama da miliyan 93 ne, na Kebbi kaɗai sun haura miliyan 2. Abin da ya sa mutane suka iya dubawa shi ne an rarraba ta, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa, zuwa rumfar zaɓe. Ɗan mazaɓar Zagga/Kwasara zai bi Kebbi, ya bi Bagudo, ya sauka a rumfarsu, inda ya san fuskoki. Ta haka 'yan ƙasa suka tono hotunan ƙananan yara da sunayen da aka maimaita, kuma bayan ƙorafe-ƙorafen hukumar ta cire sunaye 53,264.

Ko a can inda aka ƙirƙiro salon ja marar iyaka, ba a ɗauke shi maganin kowace cuta ba. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirar ja marar iyaka a 2006, daga baya ya fito fili ya nuna nadama kan yadda abin ke cinye lokacin mutane. Kasuwar intanet ta Etsy a Amurka ta gwada shi a sakamakon bincikenta, ta ga masu saye sun rage danna kaya, ta cire shi, kamar yadda injiniyanta Dan McKinley ya bayyana a 2012. Google ma, bayan shekaru yana raba sakamako goma-goma, ya kawo ja marar katsewa a waya cikin Oktoba 2021, a kwamfuta cikin Disamba 2022, sannan a Yunin 2024 ya fara janye shi. Dalilin da ya bayar shi ne loda ƙarin sakamako kai tsaye bai ƙara wa masu bincike wata gamsuwa ta a-zo-a-gani ba.

Ban ce duk rabo mai kyau ba ne. Wanda aka yi da ganganci yana da tasa illar. Hanyar da aka fi bi ita ce a ce wa rumbun bayanai ya tsallake layi kaza ya kawo hamsin na gaba. In ana ƙara sunaye a daidai lokacin da mutum ke dubawa, layuka sukan gusa, sunan da ke ƙarshen shafi na 3 ya sake bayyana a farkon na 4. In kuma cirewa ake yi, wani suna na iya zamewa baya, mai dubawa bai gan shi ba, ya koma gida da baƙin ciki alhali yana ciki. Maganin wannan sananne ne: a tsayar da tsari guda na jerawa, bisa suna sannan bisa lambar rajista don raba masu suna ɗaya, kuma jerin da aka riga aka fitar a daina taɓa shi sai da sanarwa da kwanan wata. Jerin da ke canjawa kullum kuwa, gara a riƙa ɗorawa daga suna na ƙarshe da aka nuna.

Sauran aikin ba shi da wuya. Maɓallin “Baya” da na “Gaba” su zama manya, da tazara a tsakaninsu, yadda yatsan da noma ya kaurara zai danna ba kuskure. A rubuta “Shafi na 14 cikin 100” da Hausa, a sama da ƙasa. A sa ɗan gurbi da mutum zai rubuta lambar shafin da yake so, a kuma ba shi damar tace jerin bisa mazaɓa ko gari kafin ya fara. In ya buɗe wani suna ya dawo baya, ya tarar da kansa inda ya bari. Kafin a saki aikin kuma, mai ginin ya ajiye kwamfutarsa, ya ari ƙaramar waya, ya gwada nemo suna guda a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, irin hanyar Bagudo zuwa Tsamiya.