FAƊUWAR GABA DA YAWAN DAMUWA: YADDA SU KE TAƁA LAFIYAR JIKI

Jama'a, masu gida da matan gida, wannan takarda ta zo muku da bayani a kan wani ciwo wanda ya ke cikin gidaje da yawa, amma ba a cika kai shi asibiti ba. Ciwon nan iri biyu ne. Akwai faɗuwar gaba mai tsanani wadda ta kan auko wa mutum farat ɗaya. Akwai kuma doguwar damuwa wadda ta kan ci jiki a hankali, kamar yadda gara ta ke cin azara. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa waɗanda ba su iya ba.

YADDA CIWON YA KE ZUWA

Mutum yana zaune lafiya lau, ko yana gona, ko mace tana cikin daka, ko kuwa ana tsakiyar barci. Ba zato ba tsammani sai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku. Numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure, gumi ya karyo, jiki ya ɗauki karkarwa. Ya kan ji jiri, ya ji kamar kiyashi na tafiya a yatsunsa da leɓunansa. Abin da ya fi duka tsanani shi ne ya ga kamar ajalinsa ne ya zo, ko kuwa hankalinsa zai gushe.

Abin ya kan kai matuƙa cikin minti 10. Mafi yawa ya kan lafa tsakanin minti 5 zuwa 20, ya bar mutum da gajiya liƙis. Faɗuwar gaban nan ita kaɗai ba ta kisa, ba ta kuma haukatar da mutum. Amma wanda ya ɗanɗana ta sau ɗaya ya kan zauna cikin zulumin dawowarta. Daga nan sai ya daina zuwa kasuwa, ya ƙi shiga mota, ya ƙi kwana shi kaɗai. Ta haka ne ta ke tsayar da sana'ar mutum, gida ya shiga wahala.

Kada mai wannan ciwo ya ɗauka shi kaɗai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne su ke fama da cututtukan fargaba, watau kusan mutum 4 cikin kowane 100. Mata sun fi maza yawa a cikinsu. Kuma wajen mutum 1 cikin 4 ne kurum ya ke samun magani.

MENE NE YA KE FARUWA CIKIN JIKI?

A ce kana tafiya da magariba, sai ka ga kububuwa a gabanka. Kafin ka yi tunani ka riga ka daka tsalle. To, me ya ba ka wannan ƙarfi? A bisan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. Da ƙwaƙwalwa ta ga hatsari sai ta aika musu, su kuwa su zubo wani sinadari cikin jini wanda a ke kira adirenalin. Shi ne ya ke sa zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya bar ciki ya tafi ƙafafu da hannuwa, domin ka gudu ko ka kare kanka. Wani likita a Amurka, Walta Kanon, shi ne ya bayyana wannan aiki na jiki a shekarar 1915. Wannan shiri mai amfani ne, da shi mu ke tsira daga maciji da gobara.

Faɗuwar gaba kuwa ita ce wannan shiri ya tashi alhali babu maciji. Kamar a yi kururuwar gobara ne, gari duk ya fito da tuluna, a tarar babu wuta. Zuciya ta buga, mutum ya tsorata da bugun, tsoron ya ƙara zubo da adirenalin, zuciya ta ƙara bugawa. Haka abin ya ke ta ciyar da kansa.

Ga kuma batun numfashi. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya firgita sai ya riƙa haki, ya fitar da wata iska mai suna kabon dayoksaid fiye da kima. Raguwarta cikin jini ita ce ta ke kawo jirin nan da tafiyar kiyashi a yatsu. Shi yana ganin iska ce ba ta isarsa, alhali kuwa numfashin ne ya yi yawa. Don haka ne rage saurin numfashi ya ke da amfani ƙwarai.

ABIN DA DOGUWAR DAMUWA TA KE YI WA JIKI

Kowa ya san abubuwan da su ke hana mutumin ƙauye barci. Damina ta makara, ko ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Ambaliya ta cinye gona. Ga bashin taki, ga rumbu ya yi ƙasa tun kaka da sauran nisa. Ga ɗawainiyar aurar da 'ya, ga rigimar cikin gida, ga rashin haihuwa, ga mutuwa. Waɗansu kuma 'yan bindiga sun raba su da garuruwansu. Damuwa ta kwana ɗaya ko biyu ba ta da lahani. Wadda ta ke wata da watanni ita ce abin tsoro, gama jaki ma in ba a sauke masa kaya sai bayansa ya yi gyambo.

In damuwa ta daɗe, 'yan tsokokin nan na bisan ƙoda su kan riƙa zubo wani sinadari kuma, mai suna kotizol. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: abin da ya dami zuciya ba ya ƙyale jiki. Ga inda ya ke taɓawa.

Jini. Damuwa tana sa jini ya hau. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko fiye, an kamu da hawan jini ke nan. Shi kuwa ba ya nuna alama, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda.

Suga. Kotizol yana ƙara suga cikin jini. Mai ciwon suga ya kan ga ciwonsa ya ƙi kwanciya lokacin da ya ke cikin damuwa.

Ciki. A kan sami ƙwarnafi, da kumburin ciki, da gudawa ko taurin bayan gida, da rashin cin abinci. A da an ɗauka damuwa ce babban abin da ya ke kawo gyambon ciki. A shekarar 1982 waɗansu likitoci biyu a Ostareliya suka gano wata ƙwayar cuta wadda ita ce sanadin mafi yawansa. Yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki shi ma yana kawo shi. Damuwa tana ƙara masa zafi, amma maganinsa yana asibiti.

Kai da gaɓoɓi. Jijiyoyin wuya da kafaɗa da baya su kan ɗaure, kai ya riƙa ciwo kamar an naɗa rawani an tamke.

Barci da ƙarfin jiki. Barci ya ƙaurace, a tashi da kasala, a riƙa mantuwa da saurin fushi. Ƙarfin da jiki ya ke da shi na ture cuta ya ragu, mura ta yawaita, rauni ya daɗe bai warke ba.

Mata da maza da yara. Al'adar mace ta kan rikice. Mai shayarwa ta kan ga nono yana jinkirin zubowa, amma nonon bai lalace ba, sai ta ci gaba da ba jariri. Namiji ya kan rasa sha'awar iyali. Yaro ba ya iya cewa ya damu, sai dai ya koma fitsarin kwance, ko ya riƙa kukan ciwon ciki, ko firgita cikin barci.

ABIN DA ZA A YI IN TA TASO WA WANI

Na ɗaya, ku da ke wurin ku natsu. Kada a yi kururuwa, kada a taru a kansa. Mutum ɗaya wanda ya yarda da shi ya isa.

Na biyu, a zaunar da shi a inuwa inda iska ta ke shiga, a sassauta masa tufafi.

Na uku, a yi masa magana a hankali. A ce, "Sannu, ina nan tare da kai. Abin nan zai wuce, yanzu zai lafa."

Na huɗu, ku yi numfashi tare. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ya sake ta a hankali ta baki yana ƙirga ɗaya zuwa shida. Ya aza hannu a ciki, ya ji cikin yana tashi yana sauka. A yi ta yi har hakin ya kwanta.

Na biyar, a jawo hankalinsa waje. Ya faɗi abubuwan da ya ke gani a tsakar gida, ko ya ƙirga kaji.

Kada a ɗura masa jiƙo. Kada a turara masa hayaƙi, gama hayaƙi yana ƙara sarƙe numfashi. Kada a doke shi ko a ɗaure shi. Kada kuma a yi masa dariya a ce ragwanci ne.

Sau da yawa a kan ce iska ce ta taɓa shi, ko sammu aka yi masa. Da wannan zato an sayar da awaki da yawa, an kuma ɓata zumunci, ciwo kuwa yana nan. Addu'a tana kwantar da hankali, kowa ya riƙe ta. Amma a haɗa da zuwa asibiti. Ku lura kuma, wannan ciwo dabam ya ke da farfaɗiya. Mai farfaɗiya ya kan faɗi, ya fita hayyacinsa, ya yi ta shure-shure, wani lokaci ya ciji harshe. Mai faɗuwar gaba kuwa yana jin abin da a ke faɗa masa.

LOKACIN DA ZA A GARZAYA ASIBITI

Akwai cututtuka masu kama da faɗuwar gaba, kamar ciwon zuciya, da ƙarancin jini, da asma, da faɗuwar suga, da ciwon tsokar wuya wadda ta ke kumbura ta zama maƙoƙo. Saboda haka duk wanda abin ya same shi karo na fari, lalle ma'aikacin lafiya ya duba shi. Amma kada a jira ko kaɗan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwon ƙirji mai dannewa wanda ya ke tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya.

Mutum ya suma, ko numfashi ya ƙi daidaita.

Baki ya karkace, magana ta harɗe, ko ɓarin jiki ya mutu.

Mai ciki ta sami ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska, da gani dishi-dishi.

Akwai zazzaɓi mai zafi tare da abin.

Mutum yana cewa ya gaji da duniya, ko yana zancen kashe kansa. Wannan kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya, a kai shi asibiti ran nan.

AKWAI MAGANI

Ciwon nan yana warkewa. Hanya ta fari ita ce zama da ma'aikacin lafiya wanda aka horar, ya koya wa mutum gane alamun, da yadda zai daina tsoronsu, da yadda zai koma kasuwa da gona kaɗan-kaɗan. Gudun wurin da abin ya taɓa faruwa ƙara wa tsoro ƙarfi ya ke yi. Hanya ta biyu ita ce ƙwayar da likita ya ke bayarwa a sha kullum. Ta kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninta. Kada a yi gajen haƙuri, kada kuma a bar sha farat ɗaya ba da sanin likita ba.

A fara da ƙaramin asibiti na kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba. Akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Zuwa can ba ya nuna mutum mahaukaci ne. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta kare mutuncin masu irin wannan lalura.

Ku yi hattara da ƙwayoyin da 'yan talla su ke sayarwa a kasuwa. Ƙwayar barci da taramol su kan kwantar da mutum yau, gobe su kama shi ya kasa rabuwa da su. Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun shekarar 2018 saboda irin wannan ɓarna.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A rage goro, da shayi mai kauri, da kofi, da lemon kwalba mai ƙara kuzari, balle da yamma. Duk suna da sinadarin kafin mai sa zuciya sauri. A bar taba. A ci abinci kan lokaci, a rage gishiri da dunƙulen miya. Babban mutum ya nemi barcin awa 7 ko fiye. Wanda aikinsa na zama ne ya riƙa taka ƙasa kamar rabin awa kowace rana. Kowane babba ya riƙa zuwa awon jini, ko yana jin lafiya.

Babban rigakafi shi ne kada a bar abu a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai bashi ya je su zauna da mai kuɗi a tsara biya. Gayya da adashi suna rage nauyi. Kai mai gida, labarin zuciya a tambayi fuska: in ka ga iyalinka ta yi shiru, ta rame, ba ta barci, tambaye ta da lallashi, ka kuma ba ta izinin zuwa asibiti. Ke uwar gida, in mai gida yana ta juyi da dare, ki tausasa masa, ki sanar da wani babba wanda ya ke jin maganarsa. Tun a shekarar 1954 Dakta Tomas Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa masu ciwon da ya shafi hankali sun fi samun sauƙi in ana yi musu magani suna zaune cikin ƙauye tare da danginsu. Watau ku 'yan uwa kuna da babban rabo cikin warkewarsa.

Masu unguwa da dagatai da limamai, ku taimaka a karanta wannan takarda a dandali da wurin suna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.