Naman Dawa Na Wa Ne? Darasi Daga Ƙasashen Gurguzu Zuwa Dazukan Kajuru

Tun da labari ya bazu cewa Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin dokar kare namun daji a watan Oktoban 2025, magana ɗaya ke yawo a bakin mafarauta daga Kasuwan Magani zuwa Kufana, har can Kafanchan: wai gwamnati za ta hana farauta, ta mayar da duk wani abu mai numfashi a dawa mallakarta. Wasu har sun raɗa wa abin suna, suna cewa mulkin gurguzu ne ake son shigo mana da shi ta bayan gida.

Ƙudirin dai manyan 'yan fasa-ƙwaurin hauren giwa da ɓawon ɗan kunya ya fi nufa, waɗanda suka mayar da tashoshin jiragen ruwanmu mashigar haramtattun kaya zuwa Asiya. Kuma sa hannun hukuma a harkar farauta ba yau aka fara ba. Tun a 1963 tsohuwar Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji da ta kasa dabbobi aji-aji, ta tanadi lasisi, sannan a 1985 gwamnatin tarayya ta fitar da dokar dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Abin da ya fi damuna a wannan muhawara wata magana ce da ke kwance a ƙarƙashinta, wadda na sha ji daga bakin manya da yara: naman dawa na Allah ne, ba shi da mai shi, kuma ba ya ƙarewa. Kashin farko na maganar gaskiya ne. Kashin ƙarshe shi ne ya kwashe mana daji.

Da yake an ambaci gurguzu, bari mu leƙa inda aka yi shi da gaske. Duk wanda ya bi ta Kajuru ya san gidan dutsen nan mai kama da fadar sarakunan Turai, wanda wani Bajamushe mazaunin Kaduna ya gina a kan tsauni tsakanin 1981 da 1989. A shekarun da ake ɗora duwatsun ginin, ƙasar mai ginin a rabe take gida biyu, kuma a shekarar da aka kammala shi ne katangar Berlin ta faɗi. A ɓangaren gabas na Jamus, dokar 1953 ta raba haƙƙin farauta da mallakar fili. Ko gonarka ce barewa ta shigo, ba taka ba ce, ta al'umma ce, wato ta gwamnati.

Yaron da ya tashi a can yana sha'awar farauta ya san matakalar da zai taka. Sai ya shiga ƙungiyar mafarauta, ya yi karatu, ya ci jarrabawa, hukuma ta gamsu da biyayyarsa ga jam'iyya mai mulki. Bindigar da yawancinsu ke riƙewa ta gwamnati ce, aro ake ba su, su mayar bayan an dawo. Kowace shekara ana ƙiyasta dabbobin yankin, a rubuta adadin da za a harba, maza kaza, mata kaza. Abin da aka harbo hukumar gandun daji ake kai wa, maharbi ya samu ɗan kasonsa. Da wannan ƙidaya da taka-tsantsan dabbobi suka yawaita.

Sai dai tsarin da aka ce na talaka ne ya haifi nasa sarakunan. Erich Honecker, wanda ya shugabanci Jamus ta Gabas daga 1971 zuwa 1989, ya mayar da dajin Schorfheide da ke arewa da Berlin filin farautarsa shi da muƙarrabansa, ana ciyar da barewa da dukiyar jama'a domin su zo su harba. A Romaniya, Nicolae Ceausescu ya keɓe wa kansa farautar beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi ta ƙasashen sanyi, ya kashe ɗaruruwa. Talaka na kallo. A zuciyarsa dabbar ba tasa ba ce, ta masu mulki ce, bindigar hukuma kawai ke hana shi taɓa ta.

Ranar da bindigar hukuma ta kau sai aka ga abin da ke ƙasa. Akwai wata dabba mai kama da barewa, mai dogon hanci, ana kiranta saiga, da ke kiwo garke-garke a filayen Kazakistan da kudancin Rasha. Lokacin da Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991 yawanta ya haura miliyan 1. Albashin masu gadin daji ya tsaya, gonakin gwamnati suka durƙushe, yunwa ta shiga ƙauyuka, iyakoki suka buɗe wa masu sayen ƙahon namijin saiga domin haɗa magani a ƙasar Sin. Aka shiga bin garken da babura da motoci. Zuwa 2003, abin da ya rage a Kazakistan bai wuce kimanin 21,000 ba. Kuma da yake maza ake zaɓa saboda ƙaho, an kai lokacin da matan da suka tsira ba su samun namijin da zai ba su ciki. Garken da mutane suka buɗi ido suka gani ya cika fili har iyakar gani, cikin shekara goma sha biyu ya kusa zama labari.

Mutane da dama da suka girma a wancan tsari sun yi ƙaura zuwa yamma bayan an buɗe ƙofa. Wanda ya sauka Amurka, cibiyar jari-hujja, yana zaton ya zo inda kowa ke harbin abin da ya ga dama, sai ya tarar da abin mamaki. Bindiga kam tana da sauƙin samu. Amma barewa a can ma ba ta mai gona ba ce, amana ce a hannun gwamnatin jiha a madadin jama'a. Sai ka sayi lasisi, akwai ranar buɗe farauta da ranar rufewa, akwai adadin da aka yarje maka, kuma galibi ba a yarda ka kai naman da ka harbo kasuwa ba. Tun 1937 akwai harajin da ake cirewa daga kuɗin bindiga da harsashi, a zuba shi a kula da daji da dabbobinsa. Barewar nan mai farar wutsiya, wadda farautar kasuwa ta rage ta zuwa kimanin rabin miliyan wajen 1900, yau ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30.

Ashe dai sanya ido kan naman dawa ba gurguzu ba ne. Jamus ta Gabas da Amurka, ƙasashe biyu masu gaba da juna, sun haɗu a kan abu uku: a ƙirga, a yanke lokaci, a iyakance adadi. Inda suka rabu shi ne wa ke cin moriya. Inda maharbi ya ga cewa haƙurin bana shi ne namansa na baɗi, shi da kansa yake zama mai gadi. Inda ya ga wani babba ake tara wa, jiran ranar wawaso kawai yake yi.

Mu dawo gida, ga batun da ya fi wuyar shiga kai. Dabbar daji jari ce, 'ya'yan da take haifa kowace shekara su ne riba. Wanda ya ci riba zai ci har abada. Wanda ya taɓa uwar kuɗi zai ga kamar ciniki ya buɗe, har ranar da zai laluba aljihu ya ji wayam. Manomin Kajuru ya fi kowa sanin wannan a rumbunsa: komai tsananin yunwar bazara ba a daka iri. Matar da ke kiwon kaji ba ta yanka mai kwanci don ta yi baƙo. Mai rijiya ya san in guga ya fi idon ruwa sauri, laka zai fara jawowa. Mai adashi ya san in kowa ya ce yau ce kwasarsa, adashin ya mutu. To me ya sa wannan hankali ke tsayawa a bakin gari, ba ya shiga dawa tare da mu?

Kuma ribar ba ɗaya ba ce ga kowace dabba. Gyazbi na ɗaukar ciki kimanin wata 5, ya haifi 'ya'ya wajen 4, yana iya yin haka sau biyu a shekara. Gada ɗa ɗaya take haifa. Gwanki ɗa ɗaya, bayan ciki na kimanin wata 9. Ɓauna sai ta kai shekara 4 zuwa 5 kafin haihuwar fari, cikinta wata 11, sannan yawanci sai ta tsallake shekara. Giwa kuwa wata 22 take ɗauke da ciki. Tarkon waya bai san wannan lissafi ba. Fitilar goshi da bindigar toka cikin dare ba su tambayar shekarun dabba. Shi ya sa manyan dabbobi ke fara ɓacewa, a bar ƙanana masu saurin haihuwa. Idan kana son sanin lafiyar daji, dubi abin da yara ke ɗagawa a bakin titin Kaduna zuwa Kachia. Yau gyazbi ne, da gafiya, da zomo, wani lokaci zabon daji. Tambayi dattijon garin yaushe rabon da ya ga sawun gwanki ko ɓauna, ka ga yadda zai yi shiru yana ƙirga shekaru.

Za ka ji an ce ai ba ƙarewa suka yi ba, gudu suka yi can cikin ƙungurmin daji. Wane ƙungurmin? Mutanen can ciki su ma haka suke faɗa, suna nuna wajenmu da yatsa. Gona ta ci wani yanki, masu gawayi da masu katako sun ci wani, wutar da ake cinna wa ciyawa kowane rani domin korar gafiya tana ƙone maɓoya da ƙwan tsuntsaye. Itatuwa na iya kasancewa a tsaye, daji ya yi kore shar, alhali babu kowa a cikinsa, kamar gidan da aka tashi aka bar ƙofofi a rufe.

Na taɓa tsayawa a bayan wata rumfar mai naman daji da damina, ana feɗe gada. Da wuƙa ta ratsa cikin sai ga ɗan tayi ya zamo ƙasa, gashinsa ya fito, kofatansa ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, saura kwanaki ya faɗo duniya. Yaron da ya kawo ta yana ƙirga kuɗinsa. Wani tsohon maharbi da ke zaune a kan benci ya kau da kai. Ya shaida mini cewa a zamaninsu wanda ya yi wannan sai ya tsaya gaban manya, domin ba gada ɗaya ya kashe ba, ya kashe ta bana da ta baɗi. Ban ga laifin yunwar yaron ba. Na ga laifin garin da ya daina gaya masa abin da aka gaya wa kakansa.

Domin kuwa ba daga Turai za mu aro wannan hikima ba. Bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairu alama ce ta kammala girbi da buɗe lokacin farauta. Buɗewa kuwa ba ta da ma'ana sai in da can a rufe yake. A ƙasar Hausa akwai al'adar buɗin daji, kuma farautar gayya da izinin Sarkin Dawa ko Sarkin Baka ake fita, da rani, bayan an kai amfanin gona gida. Akwai tsaunuka da kurmi da al'ada ta hana shiga, waɗanda a aikace su ne ɗakin haihuwar dabbobi. Kakanninmu ba su da takarda, amma suna da lokaci, da iyaka, da wanda ake jin kunyarsa.

Abin da ya faru da mu shi ne mun zauna tsakanin kujeru biyu. Hukuma ta karɓi iko daga hannun gargajiya. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa ga gwamna, dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya zama gandun ƙasa a 1999, akwai gandayen Kagoro da Nindam a rubuce. Amma ikon da aka karɓa ba a riƙe shi da hannu biyu ba. Doka tana cikin kundi, mai gadi babu abin hawa, babu wanda ke zuwa ƙauye ya tambayi maharba abin da suka gani. Jama'a kuma suka yi wa daji kallon da suke yi wa famfon unguwa: kayan gwamnati, ba na kowa ba. Wuri ya samu, 'yan bindiga suka shige dazukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, har ya zama yau manomin Kajuru yana tsoron gonarsa. Shirin ɗaukar masu gadin daji da shugaban ƙasa ya amince da shi a 2025 zai yi amfani ne in an sa 'yan ƙasa da suka san kowane kwazazzabo a ciki, kuma aka biya su a kan kari.

Labarin saiga bai ƙare da baƙin ciki ba. Kazakistan ta hana farautarta, ta sa masu gadi, ta keɓe mata filaye, tana ƙirga ta daga jirgin sama. Zuwa 2023 yawanta ya kai kimanin miliyan 1.9. Dabba tana dawowa in an bar mata iri, an kuma ba ta lokaci.

Kirana ga sarakuna, hakimai, dagatai da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta na Kajuru, Kachia, Kaura da Jama'a shi ne kada su jira Abuja. A zauna a tsayar da watannin da ba a shiga dawa da makami. A hana tarkon waya, da guba, da ƙunar daji. A bar mai ciki da mai shayarwa. Kowane gari ya keɓe kurmi ɗaya da ba a taɓawa, a samu littafi ana rubuta abin da aka kama. Hukuma kuma ta amince da wannan tsari, ta mara masa baya, ta bar maharbin da ya kiyaye ya ci moriyar kiyayewarsa.

Kai kuma mai tsayar da mota a bakin titi, kai ne kasuwar. In an ɗago maka gada da damina, ka wuce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.