Son Mawaƙi Ko Cinikin Zukata? Darasi Daga Japan

Ba a koya wa mutumin Jega kasuwa, haka nan manomin albasa na Aliero. Amma akwai wata haja da 'yan kasuwar Japan suka ƙware a kanta, wadda ba a auna ta da mudu, wato son da matasa ke yi wa mawaƙa.

A shekarar 2005 Yasushi Akimoto ya kafa ƙungiyar mawaƙa 'yan mata mai suna AKB48 a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo. Dabararsa ita ce sayar da kusanci. Cikin kwalin faifai ake saka tikitin yin musafaha da tauraruwa na 'yan daƙiƙu, daga 2009 zuwa 2018 kuma har da ƙuri'ar zaɓen gwanar shekara. Sai ka ga masoyi ya jibgi faifai iri guda, don dai gwanarsa ta zo ta ɗaya.

Wanda ya biya kuwa gani yake ya mallaka. A 2013 ɗaya daga cikinsu, Minami Minegishi, ta aske kanta ƙwal, ta fito tana kuka tana roƙon gafara, saboda an gano tana da saurayi. A 2014 wani ya far wa biyu daga cikinsu da zarto a wurin musafaha.

Mu ma muna da gwanaye. Marigayi Gambu na Fagada, ta ƙasar Maiyama, ɓarayi ya yi wa waƙa, amma dattawa da malaman jami'a sun saurare shi saboda azancinsa da iya sarrafa harshe. A yi wa mawaƙi kyauta a bainar jama'a, a watse, kowa ya kama gabansa.

Yau wayar hannu ta sauya zance. Magoya bayan mawaƙa da 'yan fim sun ja daga a Facebook da TikTok, suna zagin iyayen juna a kan mutumin da bai san da zamansu ba. Kuɗin data kuwa daga aljihun ɗalibi da ɗan dako yake fita.

Jama'a, son gwani ba laifi ba ne. Amma a so shi don aikinsa, a bar masa rayuwarsa, a kuma riƙe aljihu da mutunci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Allah Ya sa mu gane.