Raunin Saitin Asali a Rumbunan Manhajar Ɓoye Saƙo

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin dabarar ɓoye zance, kamar yadda ake gani a zaurance, inda ake cusa wata gaɓa cikin kalma domin a ɓad da bami. Mai sana'ar POS a unguwar Barunde ta birnin Gombe ma da irin wannan dabara yake tura kuɗin jama'a, sai dai lissafi ne ya maye gurbin gaɓa. Wannan maƙala za ta dubi wata kafa da sirrin kan tonu ta cikinta.

2.0 Ma'anar Saitin Asali

Masu ƙera manhaja ba safai suke rubuta tsarin ɓoye saƙo da kansu ba. Sukan ɗauko shi ne daga rumbun da wasu suka tanada. Saitin asali shi ne zaɓin da rumbun yake bi idan ba a umarce shi da wani ba. Da yake akasarin masu ƙira ba sa taɓa shi, rauninsa yakan shiga duk manhajar da aka gina a kansa.

3.0 Misalai

A harshen kwamfuta na Java, wanda ya nemi tsarin AES bai yi ƙarin bayani ba, salon ECB ake ba shi. A wannan salo, duk gutsuren saƙo da ya maimaitu, ɓoyayyen kamanninsa ma zai maimaitu. Ta haka ne mai kunnen basira yake gano ƙa'idar zaurance.

Misali na biyu shi ne rumbun BSAFE na kamfanin RSA a Amurka, wanda daga 2004 ya sanya Dual_EC_DRBG a matsayin saitin asali wajen samar da lambobin da ake ƙera mabuɗi da su. A 2007 Dan Shumow da Niels Ferguson suka nuna cewa mai wata lamba ta sirri zai iya hasashen abin da tsarin zai fitar. Duk da haka, sai a Satumban 2013, bayan fallasar Edward Snowden, kamfanin ya shawarci abokan hulɗarsa da su daina amfani da shi.

4.0 Kammalawa

Ɗan kasuwar Barunde ba shi da ikon duba saitin na'urarsa. Nauyin yana wuyan masu ƙira da masu riƙe bayanan jama'a, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa tsare su. Aikin masana harshe kuwa shi ne daidaita kalmomin fannin, domin mai amfani ya san abin da zai tambayi bankinsa.