Fayil Ya Ƙi Buɗewa? Kar a Yi Gaggawar Gogewa



Gidaje da yawa a Zango, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, akwai kwamfuta guda a ɗaki wadda kowa ke taɓawa. Yawancinsu hom-yus ne, wato an yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Wasu na ɗauke da Windows 7 da ya fito a 2009, wasu ma har yanzu Windows XP ne na 2001. Kamfanin Microsoft ya daina kula da XP a 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Kwamfutocin dai suna aiki, amma wayoyin da ke turo musu kaya sababbi ne. Daga nan rigimar ke tashi.

Abin da ke cikinsu kuwa ba na wasa ba ne: tafsirin azumi da aka ɗauka, hotunan walimar saukar Alƙur'ani, tambayoyin jarrabawa, lissafin shagon Baba a Kejetia. Da fayil ya ƙi buɗewa sai ka ji an ce, "Ai ya lalace," a goge, ko a yi wa kwamfutar fomat, komai ya tafi. Mu ɗaliban babban aji muna so mu nuna cewa sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa lau. Kwamfutar ce ba ta gane shi ba.

Kafin komai

A yi kwafin fayil ɗin a ajiye gefe, gwaji kuma a yi shi kan kwafin. Sannan a duba abu biyu: wutsiyar sunansa da girmansa. Wutsiya ita ce haruffan da ke bayan ɗigo, kamar .doc ko .jpg ko .mp3. Ita ke gaya wa kwamfuta da wace manhaja za ta buɗe shi. Windows na ɓoye ta, amma a Folder Options akwai inda ake cire alamar ɓoyewar, ta fito fili.

Sabon fayil, tsohuwar manhaja

Tun daga Word 2007 takardu ke zuwa da wutsiyar .docx. Word 2003 kuwa .doc ya sani. Idan Malam ya rubuta darasi a sabon laftof ya turo, tsohon Word zai ƙi, ko ya zubo maka haruffa marasa kan gado. To, mafita uku ce. WordPad da ke cikin Windows 7 yana buɗe .docx. LibreOffice, wanda kyauta ne, shi ma yana buɗewa. Mafi sauƙi kuma, a roƙi wanda ya turo ya danna Save As ya mai da shi .doc ko PDF. Canza wutsiya da hannu ba ya canza abin da ke ciki. Kamar ka rubuta "suga" a jikin kwanon gishiri ne.

Haka hotuna. Tun 2017 wayar iPhone ke ajiye hoto da wutsiyar .heic, tsohuwar kwamfuta kuma ba ta san shi ba. Idan yaya da ke Jamus zai turo hoton suna ta WhatsApp, ya turo shi a matsayin hoto, zai iso a .jpg. In ya turo a matsayin takarda, da .heic ɗinsa zai zo. Saƙon murya na WhatsApp kuwa .opus ne. Manhajar VLC, ita ma kyauta ce, tana kunna shi, tana kunna yawancin bidiyon da Windows Media Player ke ƙi.

Larabcin da ya koma akwatuna

Wannan ya fi shafar mu 'yan makaranta, kuma kala uku ne. Kowanne da hukuncinsa.

Na farko, ƙananan akwatuna a madadin haruffa. Rubutun na nan daram, salon haruffan da aka rubuta da shi ne babu a kwamfutar. A zaɓi rubutun a canza shi zuwa Traditional Arabic ko Arial, zai bayyana. Haka ɓ, ɗ da ƙ na Hausa ke yi a wasu tsofaffin salo. Ayoyin Alƙur'ani kuwa suna buƙatar kulawa ta musamman, don in salon bai dace ba wasulla da alamomin tsayawa na iya gocewa daga wurinsu. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina ta fitar da salon rubutun Usmani kyauta, na ruwayar Hafsu da na Warshu. Ko an sa shi, a gwada abin da ya fito da Mus'hafi kafin a raba wa yara.

Na biyu, haruffan boko masu ban mamaki jere da juna, irin su Ø da Ù. Nan ma rubutun bai ɓata ba. Kwamfuta da lambobi take ajiye haruffa, an karanta lambobin ne da ma'aunin da ba nasu ba. A buɗe fayil ɗin ta Word, idan ya tambayi tsarin haruffa a zaɓi UTF-8, in bai yi ba a gwada na Larabci.

Na uku, alamomin tambaya zalla: ?????. Wannan kam gaskiya sai haƙuri. Yana faruwa idan an rubuta Larabci a Notepad aka ajiye da tsarin ANSI a kwamfutar da aka saita da Turanci. Haruffan sun tafi tun lokacin ajiyewa, sai a nemi asalin wurin mai shi. Don haka mai rubutu a Notepad ya riƙa zaɓar UTF-8.

Fayil da bai iso duka ba

Nan girma ke amfani. Karatun awa guda ba zai zama 12 KB ba. In ka ga 0 KB, ba komai a ciki, suna ne kawai. Ko data ta ƙare ana cikin saukewa, ko an fizge pendiraif kafin kwafi ya gama. A sake ɗaukowa, shi ke nan. Pendiraif mai tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4 GB, shi ya sa dogon bidiyon Maulidi ke ƙin shiga ko da akwai wuri.

Sai ɗaukewar wuta. Duk wanda ya ga dumso na 2015 ya san yadda wuta ke tafiya ba sallama. In ta tafi Word na cikin ajiyewa, takardar na iya samun rauni. A buɗe Word, a je Open, a zaɓi fayil ɗin, a danna ɗan kibiyar da ke gefen maɓallin, a zaɓi Open and Repair. Sau da yawa rubutun na dawowa, ko da tsarinsa ya ɗan hargitse.

Pendiraif da ya dawo daga kafe

Ka kai aiki a buga maka, ka dawo gida, duk foldojinka sun koma gumaka masu ɗan kibiya a ƙasa. Kar ka danna ko ɗaya! Bairos ne, dannawa ke sa ya shiga kwamfutarka. Bai cinye fayilolin ba, ɓoye su ya yi. A fara wanke pendiraif ɗin da manhajar kashe bairos. Sannan a Command Prompt a rubuta: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma a sa harafin pendiraif ɗinka a madadin E. Kayanka za su fito, ka kwashe, sannan ka yi masa fomat.

Yaushe za a kai wa mai gyara?

In fayiloli da yawa suka fara ƙi lokaci guda, kwamfuta na daskarewa, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikinta, to had-dis ne ke ban kwana. A kwashe mafi muhimmanci nan take, a kashe ta. In an kai Adum ko wurin mai gyaran unguwa, magana ta farko ita ce: "Don Allah, kar a yi fomat sai an kwashe mana kaya." Wanda kuma ya goge abu bisa kuskure ya daina zuba sabon kaya a wurin, don sabon ne ke hawa kan tsohon ya hana a dawo da shi.

Rigakafi ya fi magani. Duk abin da za ka yi kuka in ya ɓata, ya zauna wuri biyu: kwamfuta da pendiraif, ko ka tura wa kanka ta imel. Abin da za a raba wa jama'a, musamman mai Larabci, a mai da shi PDF, don galibi yana tafiya da salon haruffansa. Iyayenmu mata da maza, in abu ya ƙi buɗewa a gida, a kira ɗan makaranta ya duba kafin a goge. Matambayi ba ya ɓata.

 

Ɗaliban babban aji