Masaukan Baƙi a Hanyar Zuma, Gurara da Kainji: Inda Riba Take da Inda Jari Ke Nutsewa

Minna. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa ƙasashen Gabashin Afirka ya san yadda ake sayar wa baƙo tafiya guda mai zango uku. Da farko a kai shi gindin dutsen Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895, daga nan a wuce da shi gandun dajin Serengeti ya kalli namun daji, sa'an nan a ƙarasa da shi bakin teku a tsibirin Zanzibar ya huta. A kowane zango akwai masaukin da aka tanadar masa, kuma tun kafin ya bar gida ya biya kuɗin kwana da abinci da mota a dunƙule. Da irin wannan tsari ne ƙasar Tanzaniya ta karɓi baƙi kimanin miliyan 1.8 a shekarar 2023, ta kuma samu fiye da dala biliyan 3 daga gare su. Kalmar safari da suke tallar wannan tafiya da ita ta Swahili ce, asalinta kuwa Larabci, tushenta ɗaya da safarar da Bahaushe ya sani tun zamanin fatake.

Jihar Neja ba ta da teku, amma tana da zangon nan uku gwargwadon hali. Tana da dutse, tana da ruwa, tana da daji. Jihar, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1976 da hedkwata a Minna, ita ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, da murabba'in kilomita fiye da 76,000. Tambayar da ta shafi masu jari ita ce, me ya sa masaukan da ke kan wannan hanya ba su kai ga irin ribar da takwarorinsu na waje ke samu ba, kuma a wane zango ne kuɗin mutum zai fi saurin dawowa.

Zango na farko: dutse

Dutsen Zuma yana kusa da Madalla, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da kimanin mita 300. Hotonsa ne ke bayan takardar naira 100 da aka fito da ita a watan Disamba na 1999, saboda haka ba ya bukatar talla. Garin Suleja da ke maƙwabtaka da shi, wanda a dā shi ake kira Abuja, ya ɗauki nauyin ma'aikata da 'yan kwangila a farkon ginin sabon birnin tarayya, kuma a can ne Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi suna har hotonta ya hau takardar naira 20.

Kusancin Abuja shi ne alherin wannan zango, shi ne kuma matsalarsa. Tun da aka buɗe otal ɗin Hilton na Abuja a 1987, gwamnatin tarayya kuma ta kammala ƙaura a ranar 12 ga Disamba, 1991, babban baƙo ba shi da dalilin kwana a Suleja. Zai zo ya ɗauki hoto, ya sha lemo, ya koma birni kafin magariba. Saboda haka abin da ke sayuwa a gindin Zuma shi ne hidimar yini, wato abinci, da filin biki, da ɗakin taro, da wurin wasan yara. Wanda ya zuba yawancin jarinsa a ɗakunan kwana a nan yana gasa ne da manyan otal-otal ɗin Abuja, gasar da ba ta yi masa kyau.

Zango na biyu: ruwa

Magangarar ruwa ta Gurara tana gefen hanyar Suleja zuwa Minna. Tsawonta ya kai kimanin mita 30, faɗinta kuma kimanin mita 200 idan ruwa ya cika. Da damina ake ganin ƙarfinta, da rani kuma ruwan yakan ja baya har baƙi su sauka su zauna a kan duwatsu. Kamar Zuma, yawancin masu zuwa nan 'yan yini ne, musamman lokacin sallah da kirsimeti.

Sai dai ruwan jihar bai tsaya a Gurara ba. Akwai madatsar Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna mai megawat 600 da aka buɗe a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023, ban da ta Jebba da ke kan iyakar jihar da Kwara. Kowace madatsa ta haifar da tafki, tafkin Kainji kuwa ya zarce murabba'in kilomita 1,000. Shi ne ya cinye tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya rasu a 1806, aka gina wa mutanensa Sabuwar Bussa. Wannan tafki shi ne mafi kusa da bakin teku da jihar take da shi. Amfanin madatsun ga mai masauki shi ne suna kawo baƙin da ba su dogara da hutu ba: injiniyoyi, da 'yan kwangila, da masu binciken kifi, da fataken busasshen kifi.

Ga mai sha'awar tarihi kuma, akwai Zungeru, hedkwatar mulkin Turawa a Arewa daga 1902 har zuwa ƙaurarta Kaduna, garin da aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Akwai Baro, inda layin dogo na Baro zuwa Kano ya tashi, wanda ya isa Kano a 1911, da tashar jiragen ruwan da aka ƙaddamar a can a watan Janairu na 2019. Akwai kuma Bida ta maƙeran tagulla da masu narka gilashi, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin biranen sana'ar hannu a 2021.

Zango na uku: daji

Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji shi ne na farko a Nijeriya. Dokar soja ta 1979 ce ta haɗe gandun Borgu da na Zugurma suka zama ɗaya, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. A ɓangaren Borgu ne aka fi kai baƙi, inda sansanin kogin Oli ya kasance masaukin masu kallon dorina, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da birai. Lokacin kallo rani ne, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin ruwa. Da damina hanyoyin cikin dajin ba su biyuwa.

A nan ne masauki ke da ƙarfin ciniki fiye da ko'ina, domin baƙon daji dole ya kwana. Dabbobi da asuba da yamma suke fitowa, kuma babu wani otal na birni da zai ƙwace shi. Wannan ne sirrin sansanin Wikki a gandun Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka gina kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, da kuma masaukin Treetops na ƙasar Kenya, wanda aka fara a 1932 a kan bishiya, inda Gimbiya Elizabeth ta kwana a Fabrairun 1952 a daren da mahaifinta ya rasu sarautar Ingila ta faɗo mata. Ba girman gini ne ya sa matafiya suka fifita waɗannan wurare ba. Abin da suka saya shi ne kusanci da abin kallo.

Lissafin ɗaki

Ɗakin otal haja ce mai saurin lalacewa fiye da tumatir. Ɗakin da bai samu mai kwana ba daren jiya, kuɗinsa ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Ga kuma kashe-kashen da ba su raguwa ko da baƙo ko babu: albashi, da gadi, da man janareto, da gyaran gini, da ruwan bashin banki.

A ɗauki misali, ba na wani otal na musamman ba. Masauki mai ɗaki 40, kowane ɗaki naira 30,000 a dare. A ce kashe-kashen dole sun kai naira 400,000 a yini, kowane ɗakin da aka kama kuma yana cin naira 5,000 na wanki da sabulu da karin kumallo. Ragowar kowane ɗaki naira 25,000 ke nan, don haka sai an kama ɗaki 16 a kowane dare, wato kashi 40 cikin ɗari, kafin a mayar da abin da aka kashe. Idan masaukin yana cika maƙil ne a daren Juma'a da Asabar kawai, ya sayar da kwana 80 cikin 280 na mako. Ragowarsa naira miliyan 2, kashe-kashensa naira miliyan 2.8, ya faɗi da naira 800,000 a mako duk da cinkoson ƙarshen mako. Amma idan ya samu taron kwana uku da ya kama ɗaki 20 a tsakiyar mako, kwanakin da ya sayar sun zama 140, ragowarsa naira miliyan 3.5, ribarsa naira 700,000.

Wannan lissafi ne ya bayyana halin otal-otal ɗin Minna. Tun zamanin da Otal ɗin Shiroro na gwamnatin jihar yake babban masaukin garin, abin da ke riƙe da kasuwar shi ne taron ma'aikatu, da harkar siyasa, da ɗaurin aure, da baƙin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da na hukumar jarrabawa ta NECO, wadda hedkwatarta ke garin. Mai yawon shaƙatawa ƙari ne kawai. Haɗarin wannan dogaro shi ne duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi sanyi, ɗakuna su ma sai su yi sanyi, ga kuma jinkirin biyan bashin taro.

Kashe-kashen dole sun ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki farashin naira a watan Yuni na shekarar, abin da ya tsadar da na'urorin sanyaya ɗaki da kayan gyara. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda. Harajin kayan masarufi, wanda ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Ta fuskar doka kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa rajista da tantance darajar otal-otal hurumin jihohi ne, don haka mai son gina masauki a wannan hanya da gwamnatin jiha zai fi yin hulɗa.

Hanya da tsaro

Babu lissafin da zai tsaya idan baƙo yana tsoron hanya. Sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021 da a Tegina a Mayun shekarar ya shafi hanyar da ke bi ta Zungeru zuwa Kontagora, a Afrilun 2021 kuma gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya bayyana cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure cikin ƙaramar hukumar Shiroro. Dajin Kainji shi ma ya zama maɓoyar 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan, abin da ya durƙusar da kai baƙi cikinsa. Wato zangon da ya fi kowanne ƙarfin ciniki shi ne ya fi kowanne haɗari. Ga kuma hanyar Suleja zuwa Minna, mai kimanin kilomita 100, wadda aikin mayar da ita tagwaye ya ɗauki shekaru fiye da goma, manyan motoci na cin ta.

Abin da ya rage wa mai jari

Daga abin da ya gabata, abubuwa huɗu suka fito fili. Na ɗaya, a Zuma da Gurara jarin da ya dace ƙarami ne mai saurin juyawa: gidan abinci mai tsabta, da rumfunan hutawa, da makewayi, da wurin ajiye motoci, kafin a yi maganar ɗakuna. Na biyu, a Minna da Bida ɗakin taro da wutar da ba ta yankewa sun fi ƙawar gini kawo ciniki, kuma wutar hasken rana tana rage kuɗin mai. Na uku, lokutan wuraren suna cike giɓin juna, domin Gurara ta fi kyau da damina, daji da tafki kuma da rani, saboda haka kamfani ɗaya mai ƙananan masaukai a zango biyu ko uku zai iya juya ma'aikatansa da motocinsa duk shekara. Na huɗu, a Borgu hikima ita ce a fara da masaukin cikin gari mai dogaro da ma'aikatan madatsa da fatake, a jira tsaro ya daidaita kafin a kai kuɗi cikin daji, tare da ɗaukar 'yan ƙasa aiki, domin su ne suka san dajin, su ne kuma za su fara kare abin da suke ci daga gare shi.

Kasuwar farko ba ta Turawa ba ce. Ma'aikatan Abuja ne, da iyalansu, da makarantu, da ƙungiyoyin da ke neman wurin taro mai rahusa, kuma tafiyar sa'o'i kaɗan ce ta raba su da Minna. Abin da ake bukata shi ne masu masaukai da masu motocin haya su haɗa kai su sayar da tafiyar kwana biyu ko uku a farashi guda, kamar yadda ake yi a Gabashin Afirka, ta yadda baƙon da ya zo kallon dutse zai samu dalilin kwana.