Ƙwayoyin B Da Dajin Furostet: Garkuwar Jiki Mai Fuska Biyu

A kasuwannin kudancin Kano, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ba ka rasa mota da lasifika ana tallar maganin "ƙara garkuwar jiki", wai yana wanke mara, yana kashe daji. Wanda ya fi miƙa kuɗinsa shi ne dattijon da ke tashi fitsari cikin dare babu ƙaƙƙautawa, ya daɗe a tsugune, fitsarin na fita ɗis-ɗis. Kunya ba za ta bari ya gaya wa 'ya'yansa ba.

Matsalar takan taso ne daga furostet, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsarin namiji. Galibi kumburin tsufa ne kawai. Wani lokaci kuwa daji ne, kuma shi ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya.

To, garkuwar da ake tallar ƙara mata ƙarfi ba abu guda ba ce. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai ƙwayoyin B, waɗanda ɓargo ke samarwa. A jikin kaza aka fara gano aikinsu, a wata 'yar jaka kusa da dubura, a binciken Bruce Glick na 1956 a Amurka. Su ke ƙera antibodi, sinadarin da ke manne wa cuta don sauran dakarun jiki su gane ta su hallaka ta.

Amma a dajin furostet ba kullum suke tare da mara lafiya ba. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa dajin nan yana lafawa idan aka datse sinadarin maza, kuma har yau da wannan dabara likitoci ke aiki. Sai dai bayan wani lokaci ciwon kan dawo. A 2010 ayarin Michael Karin a San Diego ya gwada a jikin ɓeraye, ya ga ƙwayoyin B na kwarara wurin da dajin ke mutuwa, suna fitar da sinadarin limfotoksin, wanda ke taimaka wa ragowar dajin ya farfaɗo. A 2015 suka ƙara gano wani jinsinsu da ke hana ƙwayoyin T, wasu daga cikin dakarun jiki, kai wa dajin farmaki. Mai gadi ke nan ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Wane jiƙo ne zai bambance masu taimako da masu ɓarna?

Akwai kuma labari mai daɗi, wanda ya fi shafar mu. Wani bincike na 2021 daga Jami'ar Northwestern ya samu cewa ƙwayoyin B masu fitar da antibodi sun fi yawa a dajin baƙaƙen fata, kuma inda suka yawaita ciwon bai cika dawowa bayan tiyata ba. Abin da ke damuna shi ne a kan baƙaƙen Amurka aka yi shi. Manomin Bebeji da na Riruwai a Doguwa sun cancanci jami'o'inmu su duba nasu jikin.

Kafin nan, gwajin jini na PSA, wanda shi ma da antibodi ake yin sa, yana samuwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Namijin da ya haura shekara 45 ya tuntuɓi likita a kansa tun fitsari bai tsaya ba, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ciwon.